Gazuwal Daga Ɓawon Gyaɗa: Nazarin Wani Gwaji da Aka Yi a Maraɗi

Lamarin ya shafi wani Alhaji mai injinan ɓarar gyaɗa da na niƙa a bakin hanyar Ɗan Isa, da ɗan ƙanwarsa wanda ya karanta ilimin sinadarai a jami'a. Yaron ne ya kawo shawarar a riƙa yin gazuwal, wato man dizal, da ɓawon gyaɗar da ke tsibi a bayan shago, ya ce abin da zai yi aikin baƙin ƙarfe ne, irin wanda maƙera ke sharewa su zubar. An yi gwaji, mai bai fito ba. Daga baya aka kawo mani takardun lissafin da baƙin garin da aka kwaso daga bututu don in duba, tunda koyar da sinadarai ce sana'ata.

Shawarar ba daga sama ta faɗo ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin fetur, kasuwar ƴan ruwa-ruwa ta rikice a Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar sai takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya biyo baya, Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina, ba ta maido da ita ba sai a Maris ɗin 2024. A tsakanin nan duk mai inji ya koma kan gazuwal, lita a lokacin sefa 668. An rage ta zuwa 618 a Yulin 2024, amma wanda ya sha wahalar waɗannan watanni bai manta ba. Alhaji na zuba kuɗi a tanki kullum, yana kuma kallon ɓawo na taruwa har akuyoyin unguwa na hawa kansa. Duk wanda ya zo masa da maganar haɗa waɗannan biyun, dole ya ba shi kunne.

Kuma abin da yaron ya faɗa gaskiya ne a ilmance. Idan aka ƙona itace ko kwal ko ɓawo da iska ƴar kaɗan, wadda ba ta isa ya ci da wuta sosai ba, yana fitar da wata iska mai ɗauke da abubuwa biyu: kabon monoksaid, CO, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari, da kuma haidurojin, H2. Wannan gauraye shi ake kira singas. A shekarun 1920 wasu Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, a cibiyar binciken kwal ta garin Mülheim, suka gano cewa in aka bi da singas ta kan wasu ƙarafa masu zafi, ƙwayoyin kabon kan kama juna ɗaya bayan ɗaya su yi sarƙa. Mai ƙwaya ɗaya ita ce iskar mitan. Mai biyar zuwa goma da ɗoriya fetur ce. Daga wajen goma zuwa ashirin gazuwal, abin da ya haura haka kuma kaki ne irin na kyandir. Ƙarfen da aikin ke gudana a kansa shi ne katalis. Matsayinsa na dillali ne a kasuwar Maraɗi: kayan ba nasa ba ne, kuɗin ba nasa ba ne, amma in ba ya nan mai saye da mai sayarwa sai su wuni a rumfa ɗaya ba su ƙulla komai ba.

Ƙarafa biyu ne kamfanoni ke amfani da su, baƙin ƙarfe da kobal. A nan ne na ga yaron ya yi karatunsa da kyau, don dalilan da ya rubuta na zaɓen ƙarfe ba su da makusa.

Don a ƙara ƙwayar kabon ɗaya a sarƙa, ana buƙatar CO ɗaya da H2 biyu, ruwa ya fito a gefe. Singas ɗin da aka yi daga iskar gas ta ƙasa na zuwa da kusan wannan awo, biyu da ɗaya, shi ya sa masana'antun gas suka rungumi kobal: ta Shell a Bintulu ta Maleshiya a 1993, Oryx da Pearl a Katar, da ta Escravos a jihar Delta ta Najeriya wadda ta fara aiki a 2014. Amma singas ɗin kwal da na tsirrai matalauci ne wajen haidurojin, sau da yawa bai kai ko ɗaya da ɗaya ba. Kobal ba ya iya komai da irin wannan sai an gyara masa iskar a wata tukunya daban. Shi kuwa ƙarfe yana yin aiki na biyu a lokaci guda: yana ɗaukar ruwan da ya fito ya haɗa shi da wani CO, ya samar da haidurojin da iskar kabon dayoksaid, CO2. Wato yana cike giɓin da kansa. Ga araha, don kobal ya ninka ƙarfe tsada sau ɗaruruwa, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda duniya ke haƙowa daga ƙasa ɗaya yake fitowa, Kwango ta Kinshasa. Ga shi kuma ƙarfe ya fi kobal ɗan juriya ga dattin iska. Da wannan ne Sasol ta Afirka ta Kudu ta fara yin mai daga kwal a Sasolburg a 1955, ta ƙara manyan masana'antu biyu a Secunda a 1980 da 1982, da shi ne kuma Sin ta buɗe ta Ningxia a ƙarshen 2016, mai iya fitar da tan miliyan 4 a shekara.

Har maganar maƙera ma tana da tushe. Katalis ɗin da Sasol ke amfani da shi a tukwanenta masu zafin digiri 330 zuwa 350, daga ɓamɓarokin da ke zubowa jikin ƙarfe mai zafi a masana'antar murza ƙarfe ake yin sa. Yaron ya karanta haka, ya je maƙera ya tsuguna gaban wani dattijo da ke ƙera hauya, ya ce, «Baba, wannan baƙin da ke zubowa in kuna bugu, ku tara mani shi.» Dattijon ya ce, «Kai yaro, me za ka yi da shi? In tama kake so, ai tun zamanin kakanninmu aka daina narka ta.» Ya dai tara masa, bai karɓi ko dala ba.

Yadda aka yi gwajin

Wani mai walda ya haɗa masu tukunyar yin iska da tsofaffin ganguna biyu, da fanka mai hura iska. Iskar na bi ta cikin bokitin ruwa, ta bi ta buhun garin katako, sannan ta shiga wani bututun ƙarfe da aka cika da ɓamɓarokin maƙera. An daka shi, an jiƙa shi da ruwan tokar karan gero saboda fotashiyam, an shanya. Bututun na kwance cikin garwashi. A ƙarshensa an naɗa siririn bututu cikin randar ruwa don abin da ya fito ya huce ya ɗiga a kwalba.

Ɓangaren farko ya yi aiki. Da aka kunna ashana a bakin bututu, iskar ta kama da shuɗin harshe, Alhaji ya ce, «Ikon Allah.» Ɓangare na biyu ne ya ƙi. Abin da ya taru a kwalba ruwa ne ja-ja mai ɗoyin hayaƙi, da ɗan maiƙo na yawo a samansa. Yaron ya so ya ce maiƙon nan mai ne. Ni a ganina kwaltar da ta tsere wa bokiti ce, warinta ma ya isa shaida. Bayan ƴan kwanaki iska ta daina wucewa, aka fasa bututu aka tarar garin ya dunƙule da baƙin toka.

Dalilan ƙin sun fi ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne matsi. Fischer da kansa ya gwada ƙarfe a matsin iska na yau da kullum, ya ga abin da yake bayarwa kaɗan ne kuma yana saurin mutuwa. Shi ya sa masana'antu tara da Jamus ta yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu duk da kobal suka yi aiki. Sai a wajen 1937 shi da Helmut Pichler suka nuna cewa ƙarfe na farfaɗowa in an matsa iskar. Yau ana aiki da shi a matsin da ya ninka na sararin duniya sau 20 zuwa 30, wato kusan ninki goma na iskar tayar ƙaramar mota. Fankar yaron ba ta kai ko kusa ba. Ƙari a kan haka, da iskar da muke shaƙa aka hura wutar, ita kuwa kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, wanda ba ya shiga aikin. Saboda haka kusan rabin abin da ke bin bututu ɗan rakiya ne, CO wajen kashi 20, haidurojin bai kai haka ba. Manyan masana'antu da zallar oksijin suke hura tasu wutar, kuma na'urar tace oksijin daga iska tana cikin mafi tsadar kayansu.

Sai shi kansa garin. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da waɗanda suka yi karatu. Abin da ke yin aikin ba tsatsa ba ce, ba kuma zallar ƙarfe ba ne. Tsatsar sai an fara cire mata oksijin da haidurojin ko da CO mai zafi, sannan kabon ya kutsa tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya zama kabaid. Wanda aka fi dangantawa da aikin shi ne Fe5C2, mai ɗauke da sunan masanin Suwidin Gunnar Hägg. Wannan shiri na ɗaukar sa'o'i masu yawa a zafin da aka auna, kuma katalis ɗin da aka shirya in ya sha iskar waje yana iya kamawa da wuta da kansa. Ɓamɓarokin da Sasol ke saye ma ba haka nan take zuba shi ba: narka shi ake yi da wutar lantarki tare da sinadaran ƙari, ya huce, a niƙa, a tankaɗe, a shirya shi da haidurojin. Shi kuwa katalis na ƙaramin zafi, digiri 220 zuwa 250, wanda shi ne ke ba da kaki da gazuwal, a ruwa ake narkar da ƙarfen a sake fito da shi lallausan gari mai ƙananan ramuka, ta yadda giram ɗaya kan sami fili sama da murabba'in mita 100 a cikinsa. Tsohon haɗin da kamfanin Ruhrchemie ya yi suna da shi, a kan kowane kashi 100 na ƙarfe akwai wajen 5 na jan ƙarfe, wajen 5 na fotashiyam, da 25 na silika. Jan ƙarfen na sauƙaƙa cire oksijin, silika na hana garin manne wa juna, fotashiyam kuma na tsawaita sarƙa ya rage mitan. In ya yi yawa sai baƙin kabon ya lulluɓe komai.

Dabarar tokar kara ta burge ni, don akwai fotashiyam a cikinta da gaske. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ne a ciki ba, akwai gishirin kulorin da na farar wuta, kuma ba wanda ya san nawa aka zuba. Farar wuta kuwa ita ce babbar abokiyar gabar katalis. Tana manne wa fuskar ƙarfen, ba ta sauka. Ana cewa ƙarfe ya fi kobal juriya, amma juriyar ba ta wuce a ce shi ma yana son iskar da farar wutarta ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. A Secunda da sinadarin metanol mai sanyin da ya yi ƙasa da sifiri sosai ake wanke iskar. Bokitin ruwa da garin katako na iya kare injin niƙa, ba za su kare katalis ba.

Na ƙarshe zafi. Aikin da kansa yana fitar da zafi mai yawa, wajen kilojul 165 a kan kowane giram 28 na CO da ya juye. Damuwar injiniyoyi a masana'anta ita ce yadda za su kwashe zafin nan, shi ya sa ake kewaye bututu da ruwa mai tafasa, ko a zuba garin katalis cikin narkakken kaki iska na kumfa ta cikinsa. Garwashi kuwa ba ya jin umarni. Inda bututun ya wuce digiri 400, CO na rabewa ya bar baƙin kabon da CO2. Baƙin garin da aka kawo mani a leda ke nan.

Lissafin da ya yanke maganar

Yaron bai karaya ba. Ya ce, «Kawu, duk waɗannan ana iya gyara su. A sayi kwamfuresa, a yi odar katalis na gaske daga Sin.» Alhaji ya juyo ya ce mani, «Malam, bar zancen sinadari. A ce komai ya tafi daidai, ganga nawa zan samu?»

Tambayar da ta kamata a fara da ita ke nan. Busasshen ɓawon gyaɗa kilo ɗaya na ɗauke da wajen megajul 17 na makamashi, litar gazuwal wajen 36. A babbar masana'anta mai tsari, abin da ke tsira ya zama mai daga makamashin tsirrai bai cika wuce kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ba. A tuna kuma alherin ƙarfe da kuɗinsa yake zuwa: duk haidurojin ɗin da ya samar, ƙwayar kabon ɗaya ce ta tafi a CO2, har in iskar ta yi talauci sosai rabin kabon na iya bin iska. To tan ɗaya na ɓawo, in an ɗauki kashi 40, lita 190 ne, ganga ɗaya mai cin lita 200 ba ta cika ba. Tan ɗaya na ɓawo kuwa sai an ɓare tan uku zuwa huɗu na gyaɗa. Kuma lita 190 ɗin nan ba gazuwal ce zalla ba. Sarƙar ba ta tsayawa inda kake so, kowace ƙwaya na iya ci gaba ko ta yanke, saboda haka abin da ke fitowa gauraye ne tun daga mitan har kaki. Ko an saita komai don gazuwal, abin da ke fitowa kai tsaye bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Masu neman ta da yawa kaki suke yi da gangan, sannan su saro shi da haidurojin a wata tukunyar mai nata katalis da nata matsi. Ƙarfe kuma na ba da sinadarai masu tsami da ke cin bututu, ga shi a makonni ko watanni ake sauya shi alhali kobal na shekaru.

A nan ne nake ganin kuskuren tsarin yake. Yaron ya dubi arhar ƙarfe ya ɗauka arhar sana'ar ce. Alhali a masana'antar irin wannan, yin iskar da tace ta ne ke cinye fiye da rabin jarin, katalis ɗan ƙaramin layi ne a takardar kashe kuɗi. Kwamfuresa da na'urar oksijin da ma'aunan zafi da ma'aikacin da zai kwana yana gadinsu, kusan iri ɗaya ake buƙata ko ganga ɗaya za ka yi ko dubu. Escravos da ke fitar da wajen ganga 33,000 a rana ta ci kusan dala biliyan 10. Waɗanda suka gwada abin da tsirrai ko shara da kuɗi mai yawa ma sun sha ƙasa: Choren ta garin Freiberg a Jamus ta karye a 2011, Fulcrum ta jihar Nevada a Amurka ta bi sahunta a 2024. Ba katalis ne ya kayar da su ba, yawanci tukunyar iska da tacewa da bashi ne.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin sinadarai. Ɓawon nan da ake kira shara yana da masu saye: masu kiwon kaji na shimfiɗa shi, mata na hura wuta da shi, masu turka na gauraya shi a abincin dabba da rani. Karan gero kuwa, wanda yaron ya ce za a ƙara da shi in ɓawo ya ƙare, duk manomin Tibiri ko Madarumfa ya san kuɗinsa, don da shi ake darni, shi dabbobi ke ci kafin damina. Ranar da wani ya fara sayen su tan-tan, ranar farashinsu zai tashi.

Shawarar da na bayar ita ce a ajiye bututun katalis, a riƙe gangunan. Iskar da ta kama da shuɗin harshe ai makamashi ce da kanta. Injin gazuwal na iya shaƙar ta tare da iskar da yake ja, a bar masa ɗan mai don tayar da wuta, a rage shan mai da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Ba sabon abu ba ne, motoci wajen miliyan ɗaya sun yi tafiya da iskar itace a Turai lokacin yaƙi, kuma a jihar Bihar ta Indiya an haskaka ƙauyuka da ƙaiƙayin shinkafa ta wannan hanya. Tukunyar iska mai kyau na tsirar da wajen kashi 70 na makamashin ɓawo, saboda haka kilo uku zuwa huɗu na maye gurbin lita ɗaya. Tan ɗin nan da zai ba da lita 190 ta doguwar hanya, ta gajeruwar yana tsimin lita 250 ko fiye, ba matsi, ba oksijin, naitirojin ma ba ya hana komai illa ya ɗan rage wa injin ƙarfi.

Alhaji ya tambaya ko ke nan ƙasa ma ba za ta taɓa yin irin wannan mai ba. Na ce wannan wata magana ce daban. Nijar na da kwal a Anu Araran, inda kamfanin SONICHAR ke ba da wuta tun 1981, da kuma a Salkadamna ta jihar Tawa, kuma in za a taɓa juya shi ya zama mai, ƙarfe ne katalis ɗin da ya dace. Sai dai masana'antar kwal na shan tan da dama na ruwa a kan kowane tan na mai, Secunda kuma na cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da CO2 a duniya. Afirka ta Kudu ta shiga harkar ne don ba ta da ɗanyen mai, ta faɗaɗa ta kuma lokacin da aka ƙaƙaba mata takunkumi saboda wariyar launin fata. Mu kuwa muna da rijiyoyin Agadem, da matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana tun 2011, da bututun da ke kai ɗanye gaɓar Benin. Ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai, faɗaɗa matata ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba.

An mayar da gangunan waje ƙarƙashin rumfa, don na ƙi yarda a kunna su a cikin shago saboda CO. An jona su da tsohon injin niƙa guda ɗaya, wanda Alhaji ya ce in ya lalace ba zai yi kuka ba. Injin na tashi, shan mansa ya ragu a idon kowa, amma kwalta na taruwa a bawul har sai an kwance an wanke, ɓawon kuma na yin rumfa a cikin ganga ya ƙi sauka sai an zungure shi da sanda. Yaron na gwada matse ɓawon ya zama curi-curi, yana kuma neman inda zai zubar da ruwan bokitin, don guba ne, ba a kai shi kusa da rijiya. Alhaji ya ce ba zai jona inji na biyu ba sai wannan ya yi kakar gyaɗa guda cur ba a kira makanike ba.